Kafin Ki Hura Iska a Cikin Baiwar Allah

'Yata Likita,

Saƙonki ya iso gare ni. Kin ce manyanki a ɗakin tiyata kansu ya rabu a kan yadda ake shiga ciki a aikin laparoskofi, wato tiyatar da ake yi ana leƙa ciki da kyamara. Wannan ba ya farawa sai da allurar Veress. Wancan ya ce allura aikin lalube ce, sai dai a yanka cibiya a shiga ido na gani. Na uku kuma tiroka, bututun da kyamara da kayan aiki ke bi, yake sokawa kai tsaye, ya ce sauran duk ɓata lokaci ne. Kowa na so ki bi bayansa, ke kuma ba kya son ɓata wa kowa. Kina tambaya wace hanya ce ta fi.

Musun nan ya girme ki, kuma ba na jin zai ƙare a zamaninki. Masu bincike na Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan hanyoyin shiga ciki, suka sake bitarsu a 2019, ba su sami hujjar da ta isa a ce wata hanya ta fi wata kare mace daga hudar hanji ko ta babbar jijiyar jini ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗannan masifu ba kullum suke faruwa ba, don haka gwajin mutum ɗari ko ɗari biyu ba zai nuna bambanci ba. Abin da suka iya gani shi ne, mai soka tiroka kai tsaye bai cika kasa shiga ba kamar mai allura. To kin ga kowane cikin manyan naki yana da abin kafa hujja, kuma babu wanda ya isa ya rufe bakin ɗan'uwansa. Shi ya sa nake so ki sauya tambayar. Ki bar neman hanyar da ta fi a duniya, ki riƙa tambayar kanki wane irin ciki ne ke kwance a gabanki yau.

Kada ki ɗauki wannan da wasa don kin ga minti biyu ko uku ake yi a gama. Kusan rabin munanan raunukan da ake samu a wannan aiki a wurin shiga suke faruwa, tun ba a taɓa mahaifa ko bututun ƙwai ba. Duk sauran aikin a kan allo kike ganinsa. Shigar farko ce kaɗai hannunki yake tafiya inda idonki bai kai ba.

Ita iskar da muke hurawa fili take buɗe mana, ta ɗaga bangon ciki daga kan hanji, kyamara ta sami wurin gani, kayan aiki su sami wurin juyawa. Georg Kelling, wanda ya fara leƙa cikin kare a Jamus a 1901, iskar ɗaki ya tace ya hura. A 1910 Jacobaeus ya yi wa mutane a Suwidin, sai a 1924 Richard Zollikofer na Suwizalan ya kawo shawarar kabon dayoksaid, kuma har yau ita ake amfani da ita. Ba ta cin wuta, mu kuwa da lantarki muke ƙona jijiyoyi a cikin ciki. Sannan tana narkewa a jini da sauri, huhu ya fitar da ita, ba kamar iskar ɗaki ba da idan ta faɗa jijiya sai ta tsaya kumfa ta toshe zuciya. Na kawo wannan ne saboda halin da muke aiki a ciki. Ranar da tukunyar gas ta ƙare, za a sami mai dabara ya ce ga wata can a jingine. Ki je da ƙafarki ki karanta abin da aka rubuta a jikinta. Idan ba kabon dayoksaid ba ce, a ɗaga aikin ko a yi shi a buɗe.

Zaɓin hanya tun a ɗakin ganin likita yake farawa. Ki tambayi mace ko an taɓa yi mata aiki, amma kada ki tsaya a kan amsarta. Wata za ta ce a'a, alhali an ciro mata ɗa ta ciki, don ita a wurinta haihuwa ce, ba aiki ba. Wata an yanka ta tana 'yar shekara bakwai lokacin da taifot ya huda mata hanji, ba ta ma tuna ba, sai ki ga dogon tabo a tsaye ya ratsa gefen cibiya. Ki buɗe cikin ki duba da idonki, ki shafa da hannunki. Jagorar da Kwalejin Likitocin Mata ta Birtaniya ta fitar a 2008 ta ce bayan yankan tsaye, mannewa a ƙarƙashin cibiya tana iya kaiwa kashi 50 cikin ɗari, bayan yankan kwance na mara kuma kashi 23. Mai tabon tsaye, ki ɗauka hanjinta yana jiran ki a bayan cibiya har sai kin ga akasin haka. Haka mai ƙabar cibiya, da wadda ta taɓa yin tarin fuka na ciki, da mai ƙarin mahaifa da ya taso har ya wuce cibiya. Tsagar wanzami ba ta wuce fata, ba za ta hana ki shiga ba, amma ki tambayi abin da ya sa aka yi ta. In aka ce don saifa ce, ki ajiye wannan a ranki, zan dawo kansa.

Akwai abin da ƙananan likitoci kan juya shi baibai. Suna ganin mai ƙiba sai gabansu ya faɗi, suna ganin siririya sai su saki jiki. Mai ƙiba wahala take ba ki, siririya kuwa ita ce mai hatsari. A jikin mace marar jiki, wadda aka sa barci namanta ya saki, babbar jijiyar jini da ta sauko daga zuciya tana iya zama ƙasa da santimita 2.5 daga fatar cibiya. Kuma su ne suka fi zuwa mana: yarinya mai neman haihuwa, ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, bangon cikinta a ɗaure, an kawo ta a duba ko bututun ƙwai a buɗe yake. Lafiyarta ƙalau ta shigo da ƙafarta. Kafin ki ɗauki wuƙa, ki danna yatsunki a cibiyarta ki ji bugun jijiyar, don hannunki ya san nisan da ke tsakaninku.

Bari in daɗe a kan allura, tunda ita ce za ki fi samu a asibitocinmu. János Veres, likita ne a Hangari, kuma ba don cikin mata ya ƙera ta ba. Don masu tarin fuka ya yi ta, a hura iska a ƙirji huhun da ya kamu ya huta, ya wallafa bayaninta a 1938. Hikimarta tana cikin sifirin: bakin waje mai kaifi ne, a cikinsa akwai sanda mai dakushin kai da ke ja da baya idan ta gamu da nama mai tauri, da zarar ta faɗa fili sai ta yi tsalle ta rufe kaifin. Idan sifirin ya gaji, abin da ke hannunki tsinke ne kawai. Mu da muke wanke allura ɗaya mu dafa ta mu sake amfani da ita shekara da shekaru, dole kullum ki gwada ta kafin ki taɓa mace: ki danna kan ki ga ya dawo da ƙarfinsa, ki haɗa ta da na'ura ki ga iska na wucewa ba tare da lambar matsi ta hau ba.

A zuƙe mafitsara da robar fitsari. Gado ya kasance a shimfiɗe sosai, kada a karkata kai ƙasa tukuna, domin karkatawar nan tana juyo da ƙashin baya da manyan jijiyoyi su fuskanci bakin allurarki. Ki yanka a can ƙasan ramin cibiya, ba a leɓenta ba, don a nan ne bango ya fi siranta, babu kitse komai ƙibar mace, kuma tantanin ciki a manne yake da farin tantanin da ke riƙe nama. Ki riƙe allurar a jikinta kusa da baki, riƙon alƙalami. Ga siririya ki kwantar da allurar digiri 45 tana kallon mara, ga mai ƙiba ki miƙar da ita kusan digiri 90, saboda nauyin teɓa yana jan cibiya ƙasa ta bar saitin jijiyar. Za ki ji ƙas sau biyu, na farin tantani da na tantanin ciki. Daga nan ki tsaya cak.

Za ki ga wasu suna kaɗa allurar hagu da dama wai su ji ko tana yawo a fili. Don Allah kada ki koyi wannan. Idan bakin yana cikin hanji ko jijiya, hudar da ba ta kai milimita 2 ba, wadda sau da yawa takan rufe da kanta, kaɗawar nan ce za ta mai da ita yaga. Gwajin ɗigon ruwa da na zuƙa da sirinji ba laifi ba ne, ni ma na taso ina yi, amma sukan yi ƙarya. Shaidar da ta fi gaskiya ita ce lambar da na'ura ta nuna a farkon hurawa, iska na tafiya a hankali kamar lita 1 a minti. Mutanen Birtaniya sun ce ta zama ƙasa da milimita 8 a ma'aunin zaiba, ƙungiyar likitocin mata ta Kanada ta ce ƙasa da 10. In kika ga 15 ko 18 tun daga farko, ba kya ciki, ko da hannunki ya rantse miki ya ji ƙas biyu. Ki ɗaga bangon ciki, ki ɗan ja allurar baya ko kitse ne ya toshe bakin. In lambar ba ta sauko ba, ki zare.

A nan ne zuciya takan yi wa likita mugun aiki. Nas na kallo, mai sa barci na duban agogo, sai ki ji kamar sake gwadawa sau ɗaya ba komai ba ne. Amma kowace hurawa da ta tafi ba daidai ba tana cusa iska tsakanin nama da tantanin ciki, ta tura tantanin can nesa, sai gwaji na gaba ya fi na baya wuya, ke kuma ki ƙara zurfafa allura. Sau biyu ya isa. Gidan da aka yi sallama a zaure sau biyu ba a amsa ba, ba a ɓalle ƙyaure, zagayawa ake yi ta wata ƙofar.

Idan kin shiga lafiya, matsi za ki bi, ki bar ƙirga lita. Cikin mai haihuwa takwas zai sha iska mai yawa bai yi tauri ba, na budurwa kuwa kaɗan ta ishe shi. Raoul Palmer na Faris tun a shekarun 1940 yake nacewa a kan a riƙa auna matsin, Kurt Semm na Kiel a Jamus kuma ya zo a shekarun 1960 da na'urar da ke yin hakan da kanta. Kafin soka tiroka ta farko, jagorar 2008 ta ce a kai matsi 20 zuwa 25. Na san lambar tana ba da tsoro, amma ga dalilinta: an auna an ga idan aka danna cibiya da nauyin kilo 3 a matsi 10, tazarar da ta rage tsakanin bango da kayan ciki santimita 0.6 ce kawai, a matsi 25 kuwa santimita 5.6. Mace mai lafiya tana jure wannan na 'yan mintoci tana kwance a shimfiɗe. Da zarar tirokoki sun shiga, ki sauko 12 zuwa 15, ko ƙasa da haka in kina gani sosai. Mai ciwon zuciya ko na huhu kuwa, mai sa barci ne zai faɗa miki iyakarki, ki kuma saurare shi.

Hanyar buɗewa ta Harrith Hasson ce, likitan mata haifaffen Masar da ya yi aiki a Shikago, ya bayyana ta a 1971. Ana yanka cibiya, a kamo farin tantani a yanka ana gani, a sa zare gefe da gefe, a buɗe tantanin ciki, a zura tiroka marar tsini, sannan a hura iska. Ita nake zaɓa wa siririyar nan da na ambata, da mai juna biyu da mahaifarta ta taso. Likitocin tiyata na gama-gari sun fi son ta, kuma da wuya ta kai ki ga babbar jijiya. Sai dai kada a ruɗe ki da cewa mai buɗewa ba ya huda hanji. In hanji ya manne a bayan cibiya, almakashi zai same shi kamar yadda allura za ta same shi, illa dai ke da kike kallo kin fi kusa da ganewa nan take. Tana kuma yoyon iska idan yankan ya yi faɗi, a mai ƙiba kuma ramin yakan yi zurfi har ki rasa abin da kike kamawa. Duk da haka ki koye ta har ta zauna a hannunki. Likitar da allura kaɗai ta iya, ranar da allura ta ƙi, ba ta da wurin zuwa.

Sokar tiroka kai tsaye, wadda Dingfelder ya rubuta a kanta a 1978, tana da sauri, kuma a hannun gwani, a cikin da ba a taɓa yankawa ba kuma yake ɗaguwa da kyau, ba ta da laifi. Ba da ita ake fara koyo ba. Tiroka mai ido, wadda ake sa kyamara a cikinta ana kallon nama hawa-hawa, tana da daɗin aiki in asibitinku na iya saye, amma ita ma an sha huda hanji da ita.

Ƙofar da nake so ki ƙware a kanta bayan cibiya ita ce ta Palmer, wadda ya bayyana a 1974: santimita 3 ƙasa da haƙarƙarin hagu, a kan layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Da wuya mannewa ta kai can, ko bayan yankan tsaye. Ita ce ta mai tabon taifot, da mai ƙaton ƙari, da wadda cibiya ta ƙi. Sharaɗinta a sa robar hanci a zuƙe tumbi, domin mai sa barci yakan cika shi da iska lokacin da yake taimaka mata numfashi, kuma tumbin yana nan daidai ƙarƙashin allurarki. Sai maganar saifa. Littattafan Turai sukan ambace ta a layi ɗaya su wuce, don su ba kasafai suke ganin ta ba. Mu da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suke kumbura saifar mutane ba su ma sani ba, ba mu da wannan hutun. Kada ki soka allura a wurin Palmer sai kin lalubi saifa da hannunki bayan an sa barci, in da hali ma an duba ta a hoton ciki tun kafin ranar. Wadda saifarta ko hantarta ta kumbura, ko aka taɓa yi mata aiki a tumbi, wannan ƙofa a rufe take. In cibiya ma a rufe take, babu abin kunya a yanka ciki a buɗe. Ki dai tabbata kin gaya mata, da mijinta ko wanda ya rako ta, tun kafin a shiga, cewa hakan na iya faruwa.

Za ki ji labarin aiki ba tare da iska ba, inda ake ɗaga bangon ciki da ƙarfe a rataye shi. An yi amfani da shi a asibitocin karkara a Indiya, inda gas da na'urar sa barci suke wuya, kuma ana iya yin sa da allurar baya. Fili ba ya buɗuwa kamar na iska, musamman gefe da gefe, amma ga ƙananan ayyukan mara yana biyan buƙata. In kin sami mai koya miki, ki koya.

Lokacin da iska ke shiga, kunnenki ya kasance a kan bugun zuciya. Miƙewar tantanin ciki da sauri tana iya sa bugun ya faɗi ƙasa warwas. In haka ta faru, ki tsayar da na'ura, ki buɗe famfo iska ta fita, ki bar mai sa barci ya yi aikinsa. In kuwa jini ne ya biyo allura, ko hawan jini ya faɗi ba dalili bayan shigarki, kada ki ce ai ban ga jini a allo ba. Babbar jijiya a bayan tantani take, jininta can yake taruwa a ɓoye. Ki kira na gaba da ke, a nemo jini, a buɗe ciki a tsaye. Idan abin hanji ne ya fito, ki bar allurar inda take, ki shiga ta wata ƙofa ki ga abin da ta huda.

Kyamara na shiga, kada ki ruga mara. Ki fara duba ƙarƙashin inda kika shigo, ki juya ta ko'ina. Sauran tirokoki duk ido na gani za su shiga, ido na gani za su fita. In an gama, ki yi haƙuri ki fitar da iska sosai, don ragowarta ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, mace ta tashi tana kukan kafaɗa. Ki gaya mata tun da wuri, kada ta zaci wani ciwo ne sabo.

Hudar hanji da yawa ba a ganin ta a kan gado. Mace takan koma gida, sai bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye, ciki ya ɗauki ciwo. Ƙa'idar wannan aiki ita ce kowace safiya ta fi jiya sauƙi. Wadda ciwonta ke ƙaruwa, ko zazzaɓi, ko amai, ko kumburi, ko bugun zuciya da sauri, ki ɗauka hanji ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Matanmu akwai kawaici, ga nisan gari, ga kuɗin mota, wata sai ta kwana uku tana shan jiƙo tana cewa zafin aiki ne. Don haka kada ki bar sallama a hannun takarda kawai. Ki zauna ki faɗa mata da wanda zai kula da ita a gida, da Hausar da za su gane, ki ba su lambar da za su kira ko da tsakar dare.

A takardar aiki kuma ki rubuta ta inda kika shiga, sau nawa kika gwada, lambar farko da na'ura ta nuna, da inda kika ga mannewa. Ki sake rubuta shi a gajarce a katin da za ta tafi da shi, don wataƙila aikinta na gaba a wani gari za a yi shi, fayil ɗinta kuwa yana nan a kabad ɗinku.

Ki gaishe da mutan gida. Allah Ya yi wa hannunki albarka.